Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: faɗuwar ganganci a ƙwallon Amurka

Daren Lahadi, 3 ga Janairun 2021, wasa ɗaya tak ya rage a zagayen farko na kakar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wannan da ake yi da hular kwano da sulken kafaɗa, mai kama da zari-ruga. Philadelphia Eagles ce ta karɓi baƙuncin ƙungiyar Washington. Eagles ba ta da sauran abin nema a kakar, domin tuni aka yi waje da ita. Amma a can wani gari, 'yan wasan New York Giants sun zuba wa talabijin ido, zuciya na dukan uku-uku, saboda in Eagles ta yi nasara, su ne za su haye zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale. In ta faɗi, Washington ce za ta wuce.

An shiga zubi na huɗu, wato na ƙarshe, Washington tana da maki 17, Eagles tana da 14. Tazarar maki uku a wannan wasa ba komai ba ce, bugu ɗaya zai goge ta. A daidai wannan gaɓa ne kocin Eagles, Doug Pederson, ya cire Jalen Hurts. Hurts shi ne madugun ƙungiyar a daren, ɗan wasan da kowane hari yake farawa daga hannunsa, shi yake karanta fili, shi yake jefa ƙwallo, kuma shi ya ci wa Eagles duka shiga biyun da ta yi gidan abokan hamayya. Lafiyarsa lau. Aka zaunar da shi a benci, aka sa Nate Sudfeld, wanda rabonsa da jefa ƙwallo a wasan gasa tun 2018. Cikin 'yan mintoci Sudfeld ya jefa ƙwallo a hannun ɗan Washington, can kuma wata ta suɓuce masa aka ƙwace. Aka tashi 20 da 14. Pederson ya ce shi neman nasara ya yi, kuma tun kafin wasa ya yi niyyar ba Sudfeld dama. Mutane ƙalilan ne suka yarda da shi, domin kowa ya san lissafin: da Eagles ta ci, da ita ce ta tara a layin zaɓen sababbin 'yan wasa, da ta faɗi, sai ta koma ta shida.

Mai karatu da ya tashi da Firimiya da La Liga a gidan kallon ƙwallo na unguwa zai yi mamakin yadda kaye zai zama riba. A ƙwallon da muka sani, ƙungiyar da ta kwana a gindin teburi faɗawa take yi ƙaramin rukuni, kuɗin talabijin ya tafi, manyan 'yan wasa su watse. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sun ɗanɗana a 2022 lokacin da Kano Pillars, mai kofin gasar Najeriya har huɗu, ta gangara ƙasa. NFL ba ta san wannan azaba ba. Ƙungiyoyi 32 ne a cikinta, babu mai faɗuwa, babu mai hawowa. Kuɗin talabijin da na manyan tallace-tallace daidai-wa-daida ake raba su, kuma a 'yan shekarun nan kason kowace ƙungiya ya haura dala miliyan 400 a shekara, ko ta ci kofi ko ba ta ci wasa ko ɗaya ba.

Sai kuma batun zaɓe. Matashin da ya yi fice a ƙwallon jami'a ba shi da ikon zaɓar inda zai je, kuma ƙungiya mai kuɗi ba ta da ikon sayen sa. Kowace shekara ana jera matasan, ƙungiyoyi suna ɗauka bi da bi, kuma wadda ta fi kowa shan kaye a kakar da ta wuce ita take fara zaɓa. Bert Bell, mai ƙungiyar Eagles a wancan zamani, shi ya kawo wannan shawara, aka fara aiki da ita a 1936. Niyyarsa mai kyau ce, irin ta uban da yake fara miƙa wa ƙaramin yaro akushi: kada masu ƙarfi su kwashe duk wani matashi mai hazaƙa su bar raunana da ɓawo. A 2011 aka ƙara wa miyar gishiri, aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa. Sam Bradford, zaɓin farko na 2010, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 78 na shekara shida. Cam Newton, zaɓin farko na shekarar da ta biyo, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Daga nan madugu matashi mai arha ya zama kadara mafi tsada a gasar, kuma hanya mafi sauƙi ta samun sa ita ce ƙungiya ta fi kowa lalacewa.

Babu inda aka ga wannan ƙuru-ƙuru kamar Miami Dolphins a 2019. Ana saura kwanaki a fara kaka, shugabannin ƙungiyar suka sayar da Laremy Tunsil, babban mai tsaron madugu, tare da Kenny Stills, ga Houston, suka karɓi gurabun zaɓe a madadinsu. Wasan farko Baltimore ta lallasa su 59 da 10. Na biyu New England ta yi musu 43 da nema. Kwana ɗaya bayan haka aka sayar da Minkah Fitzpatrick, matashin da suka ɗauka a sahun farko shekara guda kacal kafin nan, ga Pittsburgh. Jaridu da magoya baya suka riƙa faɗa a fili cewa ana faɗuwa ne domin a samu Tua Tagovailoa, madugun jami'ar Alabama. Wasa bakwai na farko duk kaye ne.

Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne sabon kocin, Brian Flores, da tarkacen 'yan wasan da aka tara masa, waɗanda da yawansu wasu ƙungiyoyi ne suka sallama. Suka ƙi kwanciya. Cikin wasa tara na ƙarshe suka ci biyar, har da na rufe kaka, inda suka bi New England ta Tom Brady har gida suka doke ta 27 da 24. Wannan taurin kai ya mayar da Miami ta biyar a layi, Cincinnati ta ɗauki Joe Burrow a zaɓin farko. Flores ya ci gaba, ya kawo nasara 10 a 2020, tara a 2021, sannan a Janairun 2022 aka kore shi.

A ranar 1 ga Fabrairun 2022 ya shigar da ƙara a kotu yana zargin NFL da wasu ƙungiyoyi da nuna wa koci baƙar fata wariya. A cikin takardar ƙarar ne ya jefa maganar da ta girgiza gasar: ya ce mai ƙungiyar, Stephen Ross, ya yi masa tayin dala 100,000 a kan kowane wasa da ya faɗi a 2019, kuma ƙin yardarsa ne mafarin tsamin dangantakarsu. Ross ya musanta. NFL ta ɗora binciken a wuyan Mary Jo White, tsohuwar mai gabatar da ƙara ta gwamnatin tarayya, aka fitar da sakamako a Agustan 2022. Binciken ya ce ƙungiyar ba ta faɗi wasa da gangan ba, kuma maganar dala 100,000, ko ta yaya aka furta ta, ba da gaske aka yi ta ba. Amma ya tabbatar da cewa Ross ya sha faɗa wa manyan ma'aikatansa a wannan kaka cewa gurbin zaɓe ya fi yawan nasara muhimmanci, har ta kai Flores ya rubuta musu takardar nuna damuwa. An ci Ross tarar dala miliyan 1.5, an dakatar da shi zuwa tsakiyar Oktoba, an ƙwace wa ƙungiyar gurbin zaɓe biyu, amma duk a kan wani laifi dabam, na zawarcin Tom Brady da koci Sean Payton ta bayan fage. A kan fifita kaye bisa nasara, ko sisi ba a karɓa ba.

Masu kare wannan dabara ba wawaye ba ne, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa manufar ƙungiya ita ce kofi, kuma babu wurin da ya fi tsakiyar teburi muni a irin wannan tsari: ba ka isa cin kofi ba, ba ka kuma lalace yadda za ka samu matashin da zai ɗaga ka ba. Shugaban da ya ga haka ya ci gaba da sayen tsofaffin 'yan wasa don ya samu nasara bakwai ko takwas a kowace shekara, kujerarsa yake karewa. Suna cewa ai ko manomi yakan bar gona ta zama saura, ta huta shekara biyu ko uku, domin ta dawo da ƙarfinta. Kuma suna da hujja a hannu. Gurbi na shida da Eagles ta samu a wancan dare ta yi ciniki da shi, ta ƙara samun wani gurbin, ta ɗauko DeVonta Smith. A Fabrairun 2025 ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, ta doke Kansas City 40 da 22, Smith ya zura nasa, kuma Jalen Hurts ɗin nan da aka zaunar a benci shi aka ba kyautar gwarzon wasa.

Na yarda da rabin maganarsu. Sayar da ɗan wasan da ya kusa gajiya, da ba yara dama su koya a fili, da haƙura da kaka ɗaya mai ɗaci, duk wannan gyara ne, kuma kowace ƙungiya a duniya tana yin sa. Muddin waɗanda aka sa a fili an sa su ne domin su yi nasara, kuma koci da mai ƙungiya suna murna in sun yi, ba ni da ta cewa. Inda na rabu da su shi ne lokacin da nasara ta zama abin baƙin ciki a ofishin shugabanni. Manomin da ya bar gonarsa saura ba ya zuwa kasuwa ya karɓi kuɗin hatsin da bai shuka ba. Mai ƙungiya kuwa yana sayar da tikiti a farashinsa na kullum, yana karɓar kasonsa na talabijin cif-cif, yana tallata wasan a matsayin karawa ta gaske, alhali a zuciyarsa yana addu'ar a doke yaransa. A kasuwar kowane gari na ƙasar Hausa wannan yana da suna, algus ne.

Kuma wa yake biyan kuɗin? A nan ne abin ya fi ci mini rai. Wannan wasa ba na lallaɓa ba ne. Ƙarti ne masu nauyin kilo ɗari da ɗoriya suke karo da juna da gudu sau sittin ko saba'in a wasa ɗaya. Ƙungiyar 'yan wasan gasar ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni. Yawancin kwantiragi ba su da cikakken lamuni, in an sallame ka yau, ragowar kuɗin ya bi ruwa. Likitoci sun gano ciwon ƙwaƙwalwa mai nasaba da yawan buguwar kai a gawarwakin tsofaffin 'yan wasa masu yawa. To, mutumin da shekarunsa na nema uku ne, aka ce masa biyu daga ciki na jira ne, me aka bar masa? Shi ba zai rage ƙoƙari ba, ba zai ma iya ba, domin kowane motsinsa ana naɗa a bidiyo, kuma da wannan bidiyon zai nemi aiki baɗi. Zai shiga da gwiwarsa da wuyansa da kansa, a bayan masu tsaron da aka san ba su kai ba, domin a samu gurbin da za a ɗauko yaron da zai karɓi rigarsa.

A dubi Joe Thomas na Cleveland Browns. Daga 2007 har zuwa Oktoban 2017 bai taɓa barin fili ba ko da hari ɗaya, sau 10,363 a jere yana sunkuyawa ana karo da shi, har ranar da jijiyar damtsensa ta tsinke. Shekarunsa biyu na ƙarshe sun faɗo daidai lokacin da shugabannin Browns suka rushe ƙungiyar suna tara gurabun zaɓe. A 2016 wasa ɗaya suka ci cikin 16. A 2017 ko ɗaya ba su ci ba, har magoya baya suka fito cikin tsananin sanyin Janairu suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasan don nuna takaici. Thomas ya yi ritaya a 2018, ɗaya daga cikin mafiya ƙwarewa a gurbinsa a tarihin wasan, bai taɓa taka fili a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba.

Kocinsa na lokacin, Hue Jackson, shi aka rataya wa kayen 31 cikin wasa 32, aka kore shi a 2018, kuma bai sake samun shugabancin wata ƙungiya a gasar ba. Bayan ƙarar Flores shi ma ya fito ya ce an yi masa tsarin lada da ke ƙarfafa faɗuwa. Binciken NFL ya ce bai samu hujjar haka ba. Ko da an bar zarginsa a gefe, tsarin a bayyane yake: a ɗauko koci a lokacin rusau, a ba shi kayan aikin da ba su isa ba, sunansa ya sha laka, sannan da gini ya fara tashi a sallame shi a kawo wani. Pederson kansa, mutumin da ya ci wa Eagles kofin Super Bowl ɗinta na farko a Fabrairun 2018, kwana takwas ya ƙara bayan wancan daren aka raba shi da aikinsa. Mai ƙungiya kuwa ba a korar sa. Washington ta shafe sama da shekara ashirin tana tangal-tangal a hannun Dan Snyder, amma da ya tashi sayar da ita a 2023, dala biliyan 6.05 aka biya shi.

Akwai kuma wanda ba ya cikin cinikin sam, amma abin ya faɗa kansa. Giants ba su yi abin a zo a gani ba a waccan kaka, nasara shida kawai suka yi, kuma da sun ci ƙarin wasa ɗaya da ba su dogara da kowa ba. Duk da haka haƙƙinsu ne Washington ta fuskanci abokin karawa na gaske, kamar yadda su suka fuskanta. Gasa amana ce ta gamayya: kowane wasa yana da daraja ne saboda an yarda duka ɓangarorin biyu suna so su ci. Tun 2018, da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni, maganar ta ƙara nauyi. NFL ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca, ta kuma dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kaka guda cur saboda ya sa kuɗi a kan wasanni, tana cewa mutuncin gasa take karewa. In mutuncin gasa ya isa a raba ɗan wasa da albashin shekara, yaya bai isa a taɓa mai ƙungiyar da aka tabbatar ya ce nasara ba ita ce gaba ba?

Bayan duk wannan, dabarar ma ba ta da tabbas. Browns ta ɗauki Baker Mayfield a zaɓin farko na 2018, ta rabu da shi a 2022, har yau ba ta taɓa zuwa Super Bowl ba. Indianapolis ta samu Andrew Luck bayan mummunar kakar 2011, rauni ya yi ta cin sa har ya ajiye wasa a 2019 yana da shekara 29. Wasu manyan madugai kuwa ba a zaɓin farko aka ɗauke su ba: Patrick Mahomes shi ne na 10 a shekararsa. Tom Brady na 199. Hurts ma a zagaye na biyu aka ɗauke shi, na 53.

Magani kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gasar ƙwallon kwando ta NBA ta riga ta bi wannan hanya, kuma wani ɗan Najeriya ne a tsakiyar labarin. A 1984 an zargi Houston Rockets da sakin jiki a ƙarshen kaka domin ta samu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, kuma ta same shi. A shekarar da ta biyo aka fito da ƙuri'a, ta yadda zama na ƙarshe ba zai ba ƙungiya tabbacin zaɓin farko ba. A 2019 aka ƙara daidaita ta, ƙungiyoyi uku na ƙasa kowacce damarta kashi 14 cikin ɗari. NBA ta ci Mark Cuban, mai Dallas Mavericks a lokacin, tarar dala 600,000 a 2018 saboda ya faɗa a bainar jama'a cewa kaye ne ya fi musu alheri, ta kuma ci ƙungiyar tasa dala 750,000 a 2023 saboda zaunar da manyan 'yan wasa a wasan da take da sauran dama. Ciwon bai warke ba, amma aƙalla an kira shi da sunansa. Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce wadda wani mai nazari, Adam Gold, ya gabatar, kuma gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta mata, PWHL, ta fara aiki da ita a 2024: daga ranar da aka tabbatar ƙungiya ba za ta haye ba, sai a fara ƙirga mata makin da ta samu, wadda ta fi tarawa ita ce za ta fara zaɓe. Mai rauni yana da gata, domin shi yake fara ƙirga da wuri, amma sai ya ci wasa zai amfana. NFL ba ta ɗauki wannan ba, ba ta ɗauki ƙuri'a ba. Har yau wanda ya fi kowa faɗuwa shi yake fara zaɓa, kamar a 1936.

Mu da muke da gasa mai hawa da sauka, mu riƙe ta da kyau duk da kura-kuranta. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12 sun yi yunƙurin kafa gasar da masu kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba, magoya baya a Ingila suka fito kan titi, cikin kwana biyu shirin ya wargaje. Gaskiya suka yi.

Ranar 8 ga Janairun 2023, Houston Texans ta je Indianapolis wasan ƙarshe na kaka. In ta faɗi, zaɓin farko nata ne. Saura ƙasa da minti ɗaya, ana gabanta da maki bakwai, damar ƙarshe ce ta rage mata kuma akwai yadi 20 da dole ta ci. Davis Mills ya ɗaga ƙwallo sama ya jefa ta can cikin gida, ta wuce ta hannun mai tsaron baya, Jordan Akins ya cafe. Koci Lovie Smith yana iya neman maki ɗaya a yi kunnen doki. Ya ce a nemi biyu. Mills ya sake samun Akins, aka tashi 32 da 31. 'Yan wasa suka rungume juna, zaɓin farko ya koma Chicago, kuma kafin gari ya waye an kori Smith daga aiki. A gurbi na biyun da ya bar musu, Texans ta ɗauki C.J. Stroud, wanda ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan gaba na 2023, ya kai ta zagayen sili-ɗaya-ƙwale a kakarsa ta farko. A ganina, a wannan rana Lovie Smith ne ya sauke nauyin da aka ɗauke shi aiki dominsa, kuma dokar da ta sa nasararsa ta zama asara ga ƙungiyarsa ita ce ya kamata NFL ta canza.